Ɗakin Sayar da Tikiti Ya Zama Zauren Manyan Baƙi: Labarin Otel ɗin St Pancras

MATAFIYIN da ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar St Pancras ta birnin Landan, idan ya ɗaga kai zai ga wani katafaren gini na jan bulo mai hasumiyar agogo, wanda baƙo kan ɗauka majami'a ce ko fadar sarki. Alhali kuwa otel ne. A cikinsa akwai mashaya da zaurukan hutawa waɗanda masana ƙawata ɗakuna kan kafa misali da su, duk lokacin da aka tada zancen yadda ake mai da tsohon gini wurin saukar masu hannu da shuni ba tare da an ɓata shi ba.

Kamfanin jirgin ƙasa na Midland ne ya buɗe tashar a 1868, ya kuma ba wani shahararren mai zanen gine-gine, George Gilbert Scott, aikin gina masauki a gabanta. An buɗe sashen farko na masaukin ranar 5 ga watan Mayu, 1873, da sunan Midland Grand, aka kammala sauran a 1876. Scott bai yi rowar ado ba. Ya sa an yi ƙofofi da tagogi masu bakan gizo, da ginshiƙan dutse masu sassaƙa, da wata babbar matakala wadda aka shafe bangonta da jan fenti, aka yayyafa masa furanni masu ruwan zinariya.

Yadda ya faɗi

Sai dai duk wannan ƙawa ba ta hana zamani wuce shi ba. Ɗakunan kwana sun kai wajen 300, amma ɗakunan wanka ƙalilan ne, baƙi na karɓa-karɓa. Barori ne ke hawa da sauka da ruwan zafi da kwal na murhu. Daɗin daɗawa, an zuba daɓen benayen da kauri ƙwarai don tsoron gobara, abin da ya sa fasa shi a shigar da famfo ya zama jan aiki. Da sababbin otel-otel suka zo da bayi a kowane ɗaki, sai baƙi suka juya baya. Aka rufe shi a 1935, ma'aikatan jirgin ƙasa suka mai da shi ofisoshi, suka yanyanka zaurukan da katako, suka bi adon bango da fenti suka shafe.

A shekarun 1960 hukumar jiragen ƙasa ta yi niyyar rushe shi. Ba a daɗe ba da rushe babbar ƙofar tashar Euston da ke maƙwabtaka, don haka masu kishin tsofaffin gine-gine, cikinsu har da marubucin waƙoƙi John Betjeman, suka tashi haiƙan. A 1967 gwamnati ta sa ginin a sahun farko na gine-ginen tarihi da doka ta kare. Wannan ya cece shi daga rushewa, amma bai ba shi abin yi ba. A 1985 aka fitar da ma'aikata saboda ginin bai cika sharuɗan kariya daga gobara ba, ya zauna kango shekara da shekaru.

Aikin masu ƙawatawa

Sa'ar ginin ta dawo ne lokacin da aka yanke shawarar mai da tashar matattarar jirgin Eurostar mai zuwa Faransa da Beljiyam, wanda ya fara tashi daga nan a watan Nuwamba na 2007. Aka sake buɗe otel ɗin ranar 5 ga Mayu, 2011, shekara 138 cif da buɗewar farko.

A ƙasar Ingila, laifi ne mutum ya sauya fasalin irin wannan gini ba da izinin hukuma ba. Saboda haka mai ƙawata zaure ba shi da ikon huda bango inda ya ga dama, ko ya rage tsawon rufi don ɓoye wayoyi da bututun na'urar sanyaya ɗaki. Ƙa'idar da masu adana gine-gine ke bi ita ce, duk sabon abin da aka shigo da shi ya zama ana iya ɗauke shi gobe a bar ginin yadda aka same shi. Kafin a taɓa bango kuma, ƙwararru kan kankare fenti sannu a hankali, shafi bayan shafi, har su tarar da launin asali, sannan a haɗa irinsa.

Dabarar da ta fi burge jama'a ita ce yadda aka sauya wa wurare biyu aiki. Hanyar da kekunan doki ke shigowa su sauke fasinja, mai rufin gilashi da ƙarfe, ita aka shimfiɗa wa daɓe, aka jera kujerun kushin da ƙananan tebura, ta zama zauren karɓar baƙi da shan shayi. An raɗa masa suna Hansom, watau sunan irin keken dokin da ke bin hanyar a da. Shi kuwa ɗakin sayar da tikiti na 1869, shi ya zama mashaya da wurin cin abinci. An bar rumfar masu sayar da tikiti ta sassaƙaƙƙen katako a inda take, aka miƙe doguwar kanta a gefenta.

Irin wannan ɗaki yana da matsalarsa. An gina shi don taron matafiya masu sauri, rufinsa can sama, murya na amsa kuwwa, wanda ya zauna shi kaɗai sai ya ji kamar an ajiye shi a fili. A 2021 wani matashin mai zane daga Faransa, Hugo Toro, ya sake masa fasali. Bai taɓa bulo ba. Ya kafa dogayen itatuwa masu kama da dabino a tsakar ɗakin, ya rataya manyan fitilu da aka ƙera da ganyayen tagulla, domin su sauko da idon mai zama daga rufi zuwa tebur. Kujeru masu laushi da yadudduka masu kauri kuma suna shanye hayaniya.

Ribar ƙafa da tsada

Ba kowa ne ya gamsu ba. Masu suka na cewa ɗakin da kowane matafiyi, mai kuɗi da talaka, ke shiga da kuɗin tikitinsa, yanzu sai mai iya biyan tsadar otel. Har ila yau an sayar da benayen sama a matsayin gidajen zama, akasarin ɗakunan baƙi kuma suna cikin wani sabon sashe da aka gina daga baya. Masu goyon baya kuwa na amsawa da cewa doka tana iya hana rushe gini, amma ba ta biyan kuɗin gyaran rufi. Daga 1985 har zuwa lokacin da aka fara gyaran ciki, ginin na ƙarƙashin kariyar doka, amma babu kowa a cikinsa. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Cinikin shayi da abinci da ake yi yau a ɗakin tikiti na daga cikin abin da ke riƙe da bulon da Scott ya sa aka jera.