Yadda Excel ke koyar da dokar gado: darasi daga gonakin tumatir na Kura da Bunkure

Manoman rani a Kura da Bunkure, masu shayar da gonaki da ruwan madatsar Tiga, sun san wannan matsala. Irin tumatir mai alamar F1 kan yi kyau a shukar farko, amma idan aka ajiye ƙwayarsa aka sake shukawa, sai amfanin ya fito barkatai. Gregor Mendel ya bayyana dalilin tun 1866, kuma yanzu malamin sakandare zai iya nuna wa ɗalibai shi da Excel ko Google Sheets, ko da a wayar hannu.

Kowace shuka tana gadon ƙwayar hali biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A tumatir, ja yana rinjayar rawaya. Irin F1 da aka samu daga haɗa ja da rawaya yana ɗauke da duka biyun, amma ja ne kawai ake gani.

A akwatin A1 da B1, sai a rubuta =IF(RAND()<0.5,"J","R"). Wannan tamkar jefa kwabo ne: J na nufin ja, R rawaya. A C1 a rubuta =A1&B1 domin haɗa gadon uwa da na uba, sannan a ja layin har zuwa 1,000. Daga nan =COUNTIF(C:C,"RR") zai ƙirga tumatir rawaya. A yi amfani da haruffa mabambanta, domin COUNTIF ba ya bambance babban harafi da ƙarami.

Sakamakon zai riƙa kewaya 250, wato ja uku, rawaya ɗaya. Duk lokacin da aka danna F9 a Excel, adadin zai ɗan sauya. Idan aka rage layukan zuwa takwas kuwa, wani lokaci rawaya ba zai fito ba sam. Shi ya sa Mendel ya ƙirga ƙwayar wake 7,324, ya samu 5,474 masu santsi da 1,850 masu yamushi.

Yawan amfani da jure cuta sun dogara ne da ƙwayoyin hali masu yawa, kowace na rabuwa ta wannan hanya. Ɗalibin da ya ga haka a allon waya zai iya yi wa mahaifinsa bayanin abin da ya sa ake sake sayen F1 kowace shekara, maimakon ajiye iri.