Yadda Ake Daidaita Nauyin Ƙaramin Jirgin Sama Mai Naɗe Ƙafafu

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Jamus akwai masu sha'awar haɗa ƙananan jiragen sama. Ba mai shiga cikinsu. Mai jirgi yana tsaye a fili, yana tuƙa abinsa da na'urar rediyo a hannu. Mutum yakan yi watanni yana haɗa guda ɗaya, ya kashe kuɗi masu yawa. Amma in bai daidaita nauyinsa ba, tashin farko yana iya zama na ƙarshe.

Kowa ya san ɗan ga-ruwa. Akwai wuri ɗaya a jikin sandarsa wanda in ya ɗora a kafaɗa, garwar gaba ba ta rinjayar ta baya. Shi ma jirgi yana da irin wannan wuri, ana ce masa cibiyar nauyi. A jirgi mai miƙaƙƙen fiffike, wurin yakan kasance tsakanin rubu'i da sulusin faɗin fiffiken, in an auna daga bakinsa na gaba. Wato in faɗin santimita 24 ne, cibiyar tana tsakanin santimita 6 da 8. Sai a sa alama, a ɗaga jirgin bisa yatsu biyu, a ga inda ya karkata.

In hanci ya ɗan fi nauyi, da sauƙi, jirgi zai ji tuƙi, sai dai ya sauka da gudu. In kuwa wutsiya ta fi nauyi, sai ya riƙa ɗaga kai, ya ƙi jin tuƙi, ya rikito. Ga hasara, ga haɗari ga 'yan kallo.

To, wasu jiragen suna naɗe ƙafafunsu bayan sun tashi. Ƙafa da tayarta suna da nauyi, inda suka nufa kuwa, can cibiyar take matsawa. Masu wannan sha'awa suna yawan kwaikwayon jiragen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. Mustang na Amurka yana naɗe ƙafafunsa zuwa ciki, Spitfire na Ingila zuwa waje. A waɗannan, cibiyar kusan ba ta motsawa. Amma Corsair na Amurka baya yake naɗe nasa. Wanda ya auna irinsa da ƙafafu a miƙe kawai, da zarar ya naɗe su a sama sai nauyi ya koma wutsiya.

Saboda haka a auna sau biyu, ƙafafu a miƙe, sannan a naɗe. A dubi halin da nauyi ya fi komawa baya, a tabbata bai wuce alama ba. A auna da batir a ciki. In tankin mai yana gaba, a auna ba mai, domin yana ƙarewa a sama. Jirgin da fiffikensa ke ƙasan gangar jiki, a kifa shi kafin a auna.

Wajen gyara, a fara da matsar da batir gaba. In bai isa ba, a liƙa darma a hanci. A tuna, giram 10 da ke nesa da cibiya da santimita 60 ta baya, sai giram 30 a santimita 20 ta gaba yake tare shi. Don haka kada a cika wa wutsiya kaya tun wajen haɗawa. Rigakafi ya fi magani.