Katin Biki Na Gida: Ado Ba Tare Da Bashi Ba

Hausawa na cewa daidai ruwa, daidai tsaki. Amma in biki ya taso, da yawa daga cikinmu sai mu manta da wannan magana. Uba yana fama da kuɗin gado da katifa, uwa tana neman na kwanuka, ga kuma katin gayyata mai ruwan zinariya da za a kai wa maɗaba'a. Bayan kwana bakwai kati yana cikin shara, bashi kuwa yana nan daram. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in nuna yadda za a yi wannan aiki a gida, ya yi kyau, da kuɗi kaɗan.

Da farko mu tuna cewa kakanninmu da goro suke gayyata, daga baya aka ƙara da alawa da cingam. Aikin kati shi ne aikin goron nan: isar da saƙo. Muddin ya faɗi wanda zai yi aure, da rana, da lokaci, da wuri, to ya gama aikinsa.

Kayan aiki ba su da yawa: takarda mai kauri, almakashi ko reza, rula, fensir, biro, da gam. Sirrin rangwamen yana cikin lissafi. Takardar da ake kira A4 tana da tsawon santimita 29.7 da faɗin santimita 21. In aka raba ta biyu, aka sake raba kowane ɓari biyu, za a sami kati huɗu, kowanne santimita 14.8 da 10.5. Ke nan falle 50 ya isa kati 200. A lura da kauri. Takardar rubutu ta yau da kullum mai giram 80 ce, ba ta tsayawa a hannu. A nemi mai giram 200 ko kusa da haka.

Ba sai an rubuta kati 200 da hannu ba. A ɗauki farar takarda guda, a raba ta gida huɗu da fensir, a sa mai kyan rubutu ya rubuta gayyatar a kowane gida da baƙin biro. Wanda ya iya kwamfuta sai ya buga. Kafin a kai wajen mai fotokwafi, a ba mutum biyu su karanta, su duba sunaye, su gwada ranar da kalanda, ta Hijira da ta Bature. Kuskure ɗaya a nan ya zama kuskure 200. A kuma yi tunani kafin a sa ayar Alƙur'ani, domin kati yakan ƙare a ƙasa ana takawa.

Sai ado. A raba dankali biyu, a zana dagi ko tauraro a fuskarsa, a fere gefe da reza har zanen ya fito. An sami hatimi ke nan. A dangwala shi a launi, a buga a kusurwar kowane kati. Launi ma yana cikin gida: ruwan lalle yana ba da ja-ja mai duhu, kurkum yana ba da rawaya, tawadar allo tana ba da baƙi. A zuba ɗan jiƙaƙƙen ƙaro a ciki don launin ya kama takarda, kamar yadda masu zayyanar allo suke yi. Kada a cika ruwa, gama jiƙaƙƙiyar takarda tana lanƙwashewa. In katunan suka sha iska, a jera su a danne da manyan littattafai su kwana.

Gam ma ba sai an saya ba. Ƙaro da aka jiƙa ya narke yana liƙe takarda sarai. Haka nan sitacin rogo, in aka dama shi da ruwan zafi kamar koko. Sai dai a dama kaɗan-kaɗan, don ba ya daɗewa yake tsami.

Ambulan kuwa, a sami guda ɗaya da katin yake shiga, a ɓare shi a hankali, a shimfiɗa a kan kwali, a zana, a yanke. Da wannan kwali za a riƙa fitar da sauran.

Ragowar takarda ba ta zama asara ba. In aka yanka falle ɗaya tsiri-tsiri, faɗin santimita 2, za a sami tsiri 14. A naɗe kowanne kamar zobe, a sarƙa shi cikin na baya, a liƙe. Nan da nan an yi sarƙar da za ta zagaye rumfa ranar kamu ko walima. Za a iya naɗa takarda kamar mazurari a zuba dabino da alawa na rabo. Amma kada a sa abin ci a tsohuwar jarida, saboda tawadarta tana fita.

Gaskiya aikin yana cin lokaci. Saboda haka a fara tun saura wata guda, a tara ƙanne da ƙawaye ranar Asabar, wannan na yanka, wancan na buga hatimi. Hannu da yawa, an ce, maganin ƙazamar miya. 'Yan'uwa na nesa kuma a ɗauki hoton katin a tura musu ta WhatsApp, an huta da kuɗin mota.

Wani zai ce mutane za su raina. Ni dai ban taɓa jin auren da ya mutu don katinsa na gida ne ba, amma kowa ya san gidan da bashin biki ya hana barci. Abin da aka rage a kan takarda, a saya wa amarya abin da za ta mora shekara da shekaru. Allah ya ba da zaman lafiya, amin.