Injin Jera Kwalabe Da Darasinsa Ga Samarinmu

Jama'a, da yawa daga cikin samarin da ke barin Paiko, a kan hanyar Minna zuwa Suleja, su gangaro Ikko neman abinci, ƙarfinsu kaɗai ne jarinsu: dako, gadi, turin baro. To, ga labarin wani inji da ya kamata su ji.

A wasu wuraren shaƙatawa na Ikko ana wani wasa, bolin. Mutum ya gangara ƙwallo mai nauyi bisa daɓen katako mai tsawon ƙafa 60, don ya kayar da kwalaben katako 10. A Amurka, da can yara ne ke zama a ƙarshen daɓen suna tsince kwalaben suna jerawa, ƙwallo na bugunsu, lada kuwa kaɗan. A 1946 kamfanin AMF ya nuna injin da Gottfried Schmidt ya ƙago a birnin Buffalo, kamfanin Brunswick ya fito da nasa a 1956. Sannu a hankali aikin yaran nan ya mutu.

Ga yadda injin ke aiki. Da ƙwallo ta wuce, sai wani tebur ya sauko ya ɗaga kwalaben da ba su faɗi ba, sanda ta share waɗanda suka faɗi. Bel ya kai su ga wani babban wili mai juyawa, shi kuma ya hau da su sama, a jera su daga nan. Ƙwallo kuwa ta ƙarƙashin daɓe take komawa wurin mai wasa.

Amma fa injin ba ya kula da kansa. Ƙura da man da ake shafa wa daɓe suna sa bel santsi, kwalba ta maƙale, wasa ya tsaya. Dole bakanike ya goge, ya sa giris, ya ɗaure bel, ya canza boris. Kuma ba ya sa hannu sai ya kashe wuta, don injin na iya murƙushe shi.

Watau inji ya kori mai tsinta, ya bar mai gyara. Bel da boris ɗin nan kuwa, irinsu ne a injin niƙan da ke kasuwar Paiko. Saboda haka, ɗan'uwa, in ka sami ubangida bakanike, ka daure ka koya. Ƙarfi yana ƙarewa, sana'a kuwa da ita za ka koma gida.