James Forbes, malamin da ya auna tafiyar ƙanƙara

A kan duwatsun Alpe, can tsakanin Faransa da Suwis da Italiya, akwai ƙanƙarar da ba ta narkewa duk shekara. Tana cika kwari kamar kogi, kaurinta ya kan wuce metir 100. Mutanen wurin sun daɗe da sanin cewa tana gangarowa, don ta sha cinye masu gonaki da gidaje. Amma yadda abu mai tauri kamar dutse ke tafiya, shi ne ya gagari masana.

An haifi James David Forbes a Edimbur, babban birnin ƙasar Ekos, ran 20 ga Afrilu 1809. Ubansa mai banki ne. Shari'a aka so ya karanta, shi ko hankalinsa na wajen ilimin kimiyya, har a 1833 aka ba shi kujerar koyarwa a jami'ar garinsu, bai ko cika shekara 24 ba.

Da zafi ya fara. Ya nuna cewa zafin da ke fitowa daga wuta ɗabi'arsa ɗaya da ta haske. Daga 1837 kuma ya binne ma'aunan zafi cikin ƙasa a wurare 3 na Edimbur, wasu har zurfin fiye da metir 7. Sai ya tarar zafin bazara ba ya isa can ƙasa sai bayan wata 6 ko kusa, lokacin da sanyi ya riga ya rufe gari.

A 1841 Louis Agassiz, masanin Suwis, ya gayyace shi bisa ƙanƙarar Aar. Zumuncin bai daɗe ba: suka ɓata a kan wa ya fara lura da jijiyoyin da ke cikin ƙanƙara. Malamai ma, ashe, ba su tsira daga kishi ba.

Shekara ta zagayo, Forbes ya koma wata ƙanƙara kusa da Shamoni, wadda Faransawa ke kira Mer de Glace. Maimakon gardama, sai ya yi alamu a kanta, ya kafa abin awon masu safiyo bisa dutse, yana dubawa kullum. Ƙanƙarar na tafiya kusan rabin metir a kwana ɗaya, dare da rana. Tsakiyarta kuma ta fi gefe sauri, kamar yadda kowane ɗan su ya san ruwan kogi. Daga nan ya ce ƙanƙara kwarara take yi kamar zuma mai kauri, ya rubuta haka cikin littafinsa na 1843. John Tyndall ya yi ta musa masa shekaru, amma awon da aka yi daga baya ya tabbatar ƙanƙara na lanƙwasa a ƙarƙashin nauyinta, tana kuma zamewa bisa dutse.

Ciwon huhu ya kama shi bayan tafiyarsa Norwej a 1851, hawan dutse ya ƙare masa. Ya shugabanci koleji a Sant Andurus daga 1859, ya rasu ran 31 ga Disamba 1868. Ita ko Mer de Glace, ɗumamar duniya ta sa ta ja da baya fiye da kilometir 2 tun zamaninsa.