Birnin Dakar Daga Kan Keken Doki

Yawancin majigin da aka saba nuna wa jama'a game da manyan birane, abin da ya ƙunsa shi ne dogayen gidaje da faffaɗan tituna. Mai kallo ya yi ta mamaki, amma ya tashi bai san halin garin ba. To, akwai wani ɗan gajeren fim da ya kamata malamai su sani, domin ya bi wata hanya dabam.

Sunansa Borom Sarret, watau "mai keken doki" da harshen Wolof. Usman Sembene, mutumin Senegal, shi ya shirya shi a 1963, shekara uku bayan ƙasarsu ta sami mulkin kai. Tsawonsa kamar minti 20 ne kawai.

Labarin na yini ɗaya ne. Talaka ya yi sallar asuba, ya ɗaura wa dokinsa keke, ya fita neman abinci cikin Dakar. Ya kai mace mai naƙuda asibiti. Ya ɗauki wani da gawar ɗansa zuwa maƙabarta, aka hana su shiga don takardarsa ba ta cika ba. Maroƙi ya wasa kakanninsa, ya zazzage masa ɗan abin da ya samu. Sa'an nan wani mai kwat ya ce a kai shi Filato, unguwar manya, inda doka ta hana keken doki shiga. Can ɗan sanda ya ƙwace keken, mai kwat kuwa ya yi gaba bai biya ba. Mutumin ya koma gida yana jan doki, hannu wofi. Matarsa ta miƙa masa jariri ta fita, ta ce lalle za su ci abinci a daren.

Abin lura, Turawa sun miƙa mulki, amma iyakar da suka shata tsakanin unguwar talakawa da Filato ba ta gushe ba. Wanda ya san birni da Sabon Gari da unguwar Turawa a garuruwanmu zai gane wannan nan da nan.

Saboda haka malamin da ke koyar da labarin ƙasa kada ya tsaya ga yawan mutane da tashar jiragen ruwa. Ya tambayi yara: wa ke da iznin shiga wace unguwa, kuma da me yake ci?