Maigida Kafin Takarda: Wa Zai Koya wa Sabon Maharbi Riƙon Bindiga?

Kasuwar Libiya tana can yammacin Omdurman, a yankin Umbadda, daidai inda gidaje suke soma ja da baya hamada ta karɓi wuri. Kafin yaƙi tana cikin manyan kasuwannin Sudan: dilolin tufafi, takalma, barguna, turare, kayan lantarki, ga manyan motoci da ake yi wa lodi har sama su nufi Kordofan da Darfur. Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suna cikin masu neman abinci a cikinta. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kasuwar ta faɗa hannun dakarun RSF, aka wawashe shaguna, sai a ƙarshen Maris 2025 sojojin gwamnati suka sanar sun ƙwace ta. A cikin wannan makon dai, can nesa a garin Uromi na jihar Edo a Najeriya, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota, taron jama'a suka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyar komawa Kano yin ƙaramar salla, bayan an ga bindigogin gida a cikin kayansu. Ba abin da ya haɗa lamuran biyu a zahiri, amma tambaya guda suke ajiyewa gaban duk mai ɗa da ya tasa: idan saurayi ya ɗauki bindiga, wa ya koya masa, kuma wa za a tuhuma idan ta yi ɓarna?

Ƙasashen da farauta take da rajista da lasisi sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. A Amurka, jihar New York ce ta fara wajabta karatun kiyaye haɗari ga mai neman lasisin farauta a 1949, sauran jihohi suka bi sahu. Daga baya aka lura cewa matasa da yawa suna juya baya tun daga bakin ƙofa, don ba kowa ne zai zauna aji a kan sana'ar da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Sai aka ɓullo da lasisin almajirci: sabon shiga ya fita daji tukuna a ƙarƙashin gogaggen maharbi, karatu da jarrabawa su biyo baya. Jihar Pennsylvania ta soma nata tsarin na yara a 2006 da sharuɗɗa masu tsauri: bindiga ɗaya tsakanin mutum biyu, babban ne zai riƙe ta muddin ana tafiya, yaron kuma ba zai harba ba sai yana tsaye wuri ɗaya, inda hannun babban zai iya kai gare shi. A Texas wanda ya kai shekara 17 yana iya jinkirta karatun sau ɗaya tak, da sharaɗin kada ya yi nisan da muryar mai kula da shi ba za ta iso shi ba. Faransa ma tana da irinsa: daga shekara 15, bayan ɗan horo na gwaji, na tsawon shekara guda, bindiga ɗaya ga mutum biyu, kuma mai rakiyar ya zama ya haura shekara biyar da lasisinsa.

Duk Bahaushen da ya ji waɗannan sharuɗɗa zai ce ai wannan bin maigida ne aka rubuta a takarda, kuma ya yi gaskiya. Ra'ayin wannan rubutu ke nan: barin sabon shiga ya bi gwani daji kafin ya yi jarrabawa hanya ce mai kyau, ta ma fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka sa ta a doka, amma sai in an san maigidan da suna, an ɗora masa alhaki, an kuma yanka wa almajircin wa'adi. A tashar da ke gefen Kasuwar Libiya, kamar kowace tasha a Kano ko Maraɗi, ba direban babbar mota da ya fara da lasisi. Yaron mota ya fara zama, yana sa waigi a taya, yana duba ruwa da mai, yana kwana a ƙarƙashin mota, kafin wata rana maigida ya ba shi sitiyari a fili inda babu kowa. Haka farautar ƙasar Hausa take tun kafin bindiga ta zo. Yaro yakan fara da ɗaukar gora da jan karnuka, ya koyi bambanta sawun gada da na barewa, ya san inda iska take kaɗawa don kada dabba ta jiyo warinsa, ya ga yadda maharbi yake ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe yana kwaikwayon tsuntsun har ya kusanci garke. Sai an ga hankalinsa ya zauna a ba shi baka, daga baya bindiga. A saman su duka akwai sarkin baka ko sarkin dawa, wanda yake raba gardama a kan wanda ya fara sukar nama. A'isha Bakari Gombi, wadda ta yi suna a jihar Adamawa wajen jagorantar maharba a yaƙi da Boko Haram, ta wannan hanya ta fito, tana yarinya tana bin manyan gidansu daji.

Abin da ya sa aji kaɗai ba zai wadatar ba yana cikin bindigar kanta. Bindigar toka ta baki ake ɗura mata: a zuba albarushi, a cusa tsumma, a danna da sandar ƙarfe, a zuba guntayen ƙarfe ko dalma, a sake toshewa. Maƙerin da ya ƙera ta sau da yawa da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota ya yi amfani, ba wani awo da aka yi na ƙarfin da za ta iya ɗauka. In albarushi ya yi yawa, ko mutum ya manta ya ɗura sau biyu, ko ƙasa ta toshe bakin lokacin da ya yi tuntuɓe, bututun sai ya fashe ya tafi da yatsu ko ido. In an ja kunama ba ta tashi ba, sabon shiga abin da zai fara yi shi ne ya juyo da bakin ya leƙa, alhali wuta tana iya cin albarushin a hankali ta tashi bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ana iya faɗin duk wannan a kan allo, kuma ya kamata a faɗa. Amma a lokacin da zomo ya zabura daga ƙarƙashin sabara, zuciya tana bugawa, abokin tafiya yana gaba kaɗan ta hannun dama, ba karatun da yake kama bakin bindiga ya danna shi ƙasa. Hannun wanda yake tsaye kusa ne kawai yake iya yin wannan.

Mai suka na farko zai ce maigida yana koyar da abin da ya sani ne, mai kyau da maras kyau. Wannan magana tana da nauyi, kuma masu kare gargajiya suna yawan tsallake ta. A cikin abin da ake gadar wa yara akwai laya da guru da maganin bindiga, akwai imanin cewa wanda ya sha tauri ƙarfe ba ya kama shi, akwai cinna wa daji wuta don a koro ɓeraye da zomaye, akwai farautar dare da fitila a goshi inda ake harbin duk ido biyu da suka yi ƙyalli. In aka harbi mutum a irin wannan hali, bayanin da aka saba ji shi ne wai rikiɗa ya yi ya zama dabba. Yaron da ya tashi yana jin haka ba zai ɗauki harbin abin da bai tantance ba a matsayin laifinsa ba. To amma wannan hujja ce ta a wajabta karatun, ba ta a hana bin maigida ba. Shi ya sa wa'adi yake da muhimmanci: shekara guda ko kaka biyu a bayan gwani, sannan dole a zauna gaban wanda ba maigidan ba, ya yi tambaya a kan doka, da dabbobin da aka hana taɓawa, da yadda ake tsayar da jini. Kuma shi kansa maigidan sai ya bi ta wannan ƙofa kafin a damƙa masa ɗan wani.

Takardar da muke da ita yanzu ba ta yin ko ɗaya daga cikin biyun. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka yanke wa hukunci kan tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Duk tambayoyi ne a kan wane ne kai, babu ɗaya a kan me ka iya. A Sudan dokar kare namun daji ta 1986 ta tanadi lasisin farauta da wuraren da aka keɓe, masu gadin daji kuma reshe ne na 'yan sanda, amma ofis a Khartoum ba ya ganin abin da ake yi a bakin kogin Rahad. Sakamakon haka maharbi na gaskiya ba shi da wata shaida da baƙo zai yarda da ita. Kisan Uromi zalunci ne da babu uzurin da zai wanke shi, kuma ba wanda zai yi rantsuwa cewa kati zai tsayar da taron da ya riga ya fusata. Duk da haka, rajistar da hukuma ta amince da ita, mai ɗauke da sunan maharbi da na maigidansa da lambar wayar da ɗan sanda zai kira, ta fi katin ƙungiya da kowa zai iya bugawa a shagon kwamfuta.

Suka ta biyu ta fi zafi, kuma daga Omdurman take fitowa: ƙasar da ta cika da makamai, ana maganar kwance ɗamara, wane mai hankali ne zai kawo batun koya wa yara harbi? Amsar ita ce an riga an koya musu. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 2.8 a hannun fararen hula a Sudan, tun kafin wannan yaƙi ke nan. A shekarar ce gwamnatin Umar al-Bashir ta yi gangamin karɓe makamai a Darfur, kuma, abin ban takaici, RSF aka sa gaba wajen karɓewar. A tsakiyar 2023 shugaban sojojin Sudan Janar Burhan ya yi kira ga duk saurayi mai ƙarfi ya shiga sansanin horo, dubbai suka amsa, ɗaya ɓangaren ma yana ɗibar nasa. Waɗannan samari sun iya kwance kalashnikof su mayar. Abin da horon yaƙi ba ya koyarwa shi ne wanda farauta ta ginu a kansa: a yini ana bin sawu a dawo ba a harba ko sau ɗaya ba, kuma ba a ɗauki hakan abin kunya ba. Wanda zai koma ƙauye da horon yaƙi a hannunsa, gara ya faɗa hannun dattijon da zai ƙwace bindigar in ya ga rawar kai, da ya zama shi ne maigidan kansa. Adamawa ta ga amfanin irin wannan tsari a 2014, lokacin da maharba suka taimaka wa sojoji aka ƙwato Mubi: mutane ne da kowannensu aka san gidansu da wanda yake jin maganarsa.

Sai kuma masu cewa dabbobin ma sun ƙare, ƙara yawan maharba ƙarasa su ne. Gandun Dinder, wanda aka keɓe a 1935 a kan iyakar Habasha, ya rasa raƙumin dawansa. Mariri, wanda da yake yawo garke-garke a hamadar da motocin Kasuwar Libiya suke ratsawa, an ayyana ya ƙare a daji a 2000, sai da aka sake sako shi a Chadi daga 2016. Amma a duba wanda ya yi wannan aiki. Fari da faɗaɗa gonaki sun yi nasu, sauran kuma mota mai taya huɗu da bindiga mai sarrafa kanta ne, a hannun mutanen da ba su da niyyar dawowa wurin baɗi. Maharbin gargajiya yana da nasa laifin, musamman a farautar gayya ta rani, sai dai shi ne kaɗai a cikinsu da ya gaji tunanin cewa daji yana da lokacin buɗewa da na rufewa, kamar yadda bikin buɗin daji yake nunawa har yau a Tibirin Gobir da Masallata kusa da Birnin Ƙonni. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan Zariya da masallatan Mai Wurno a Sudan, ya karhanta farautar da ake yi don wasa kawai, ya halatta ta buƙata. Wanda yake son dokar kare dabbobi ta isa kunnen saurayi, ta bakin malami da na sarkin baka za ta fi saurin isa.

A yi hattara da alƙaluman da ake kawowa daga Amurka masu nuna cewa almajiran farauta ba su cika yin haɗari ba. Waɗanda suka tura tsarin a can, ƙarƙashin shirin Families Afield, sun haɗa da ƙungiyar masana'antun bindiga, masu son kasuwarsu ta faɗaɗa, kuma ƙasa ce mai jami'in daji da zai tsayar da mutum ya duba takardarsa. Ba alƙalumansu ne abin ɗauka ba, sharuɗɗan ne, don ba sa buƙatar kuɗi. Littafi guda a hannun sarkin baka, kwafinsa a ofishin 'yan sanda ko na masu gadin daji, a rubuta sunan yaro da na wanda ya karɓe shi da ranar da wa'adinsa zai cika. Maigida ɗaya, almajiri ɗaya, bindiga ɗaya, ba fita da dare. In almajiri ya raunata wani, maigidan ya rasa izinin ɗaukar wani yaro, ya kuma shiga cikin masu biyan diyya.